Tallafin coci ga ƙungiyar matasan unguwa: mu cike fom ɗin ko mu mayar?

Sakataren_Matasa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, ba ƙura na zo tayarwa ba. Muna da ƙungiyar matasa a nan unguwar Mabera ta Sakkwato, shekararmu huɗu. Aikinmu bai wuce yasar kwata kafin damina, gyaran maƙabarta, da sintirin dare lokacin da ƙwacen waya ya yi ƙamari ba. Satin da ya wuce wani abokin aikina Kirista ya kawo mini fom, ya ce wani ofishi na cocinsu yana ba ƙungiyoyin unguwa ƙaramin tallafi don su yi aiki da matasa kan abu biyu: hana faɗan daba da ɗaukar makami, da kuma kare yara daga cin zarafi. Na karanta fom ɗin kaf, babu inda aka ce sai Kirista, babu inda aka ce a yi wa'azi. Amma da na kai maganar mitin sai kanmu ya rabu. Shugabanmu ya ce ko sisi ba zai taɓa ba, ma'aji ya ce in mun bari wasu za su karɓa. Saura mako uku a rufe. Mene ne abin yi?

BaSakkwace:
Wa alaikumus salam. Ku mai da musu takardarsu. Ruwa ba ya tsami banza. Mi ya sa sai ɗiyanmu za su kashe ma kuɗɗi? Yau babu wa'azi cikin fom, gobe in kunka saba da hannunsu sai a zo muku da shi.

Ummu_Hanan:
Yaya Sakatare, kafin gardama ta yi nisa, me za ku yi da kuɗin in kun samu? Na ga kowa zai tsaya kan mai bayarwa a manta da aikin.

Sakataren_Matasa:
Ƙanwata, gasar ƙwallo muka tsara tsakanin layuka huɗu da samarinsu ba sa ga maciji da juna, kowace ranar wasa a zauna da su rabin awa kafin a take leda. Sai kai yara goma sha biyar wurin koyon walda, gyaran waya da ɗinki. Sai kuma zama da iyaye mata kan yara masu talla.

Almajirin_Kanwuri:
Ni ɗalibi ne, ba mai ba da fatawa ba, amma ga abin da muka karanta a zaure. Karɓar kyauta daga wanda ba Musulmi ba asalinsa halas ne. Manzon Allah (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ba ta hana kyautatawa tsakaninmu da waɗanda ba su yaƙe mu ba. Sannan akwai Hilful Fudul, ƙawancen da aka ƙulla a Makka kafin aiko shi don ƙwato wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, ya halarta yana matashi, kuma bayan Musulunci ya yabe shi. To kare yaro daga azzalumi ai shi ne wannan aikin. Inda malamai ke tsayawa shi ne sharaɗi. In kuɗin ya zo da igiya, wato sai an koyar da abin da ya saɓa wa addini, ko an kwashi yara zuwa inda iyayensu ba su sani ba, nan an bar maganar kyauta. Shawarata, ku ɗauki fom ɗin da manhajar da za a koyar ku kai wa limamin Juma'arku ya karanta da idonsa. Kada ku ba shi labari da baki.

BaSakkwace:
Allah gafarta Malam, Muƙauƙis bai ce a kawo mishi rahoto kowane wata ukku ba.

Dan_Gidan_Igwai:
Kun manta ƙarshen 2018? Bishop Kukah na cocin Katolika a Sakkwato ya ce cibiyarsa za ta koya wa almajirai miliyan 10 sana'a, ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta fito ta ce ba ta yarda ba, aka yi ta cece-kuce har a gidajen rediyo. Ni a lokacin ina cikin masu cewa a'a, kuma har yau ban ga laifin wanda ya ji tsoro ba. Abin da ke damuna kawai, bayan mun gama cewa a'a, almajiri nawa muka ɗauka muka kai wurin sana'a? Ni dai ko ɗaya ban ɗauka ba. Ga su can bakin Babbar Kasuwa da robobinsu.

Haifaffen_Tudun_Wada:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, iyayena mutanen Zuru, amma a Sakkwato aka yanke mini cibiya. Bari in faɗi yadda abin yake daga ciki, don na ga ana ɗauka kamar kuɗin baikon ranar Lahadi ne ake ɗebowa. Baikonmu da kyar yake biyan kuɗin wuta da man janareto. A cocin Katolika akwai ofishin da ake kira JDPC, na adalci, ci gaba da zaman lafiya, shi ke irin wannan aikin, daban da sashen wa'azi. Kuɗinsa yawanci daga ƙungiyoyin agaji na waje ne, irin su Misereor ta Jamus ko CRS ta Amurka, kuma irin waɗannan ƙungiyoyin suna da ƙa'idar cewa ba a haɗa agaji da neman tuba. CRS ta yi shekaru tana aikin noma da tallafa wa magidanta a ƙauyukan jihar nan, ku tambayi waɗanda suka amfana ko an taɓa ce musu su zo coci. Ba zan rantse muku cewa duk mai ɗauke da Littafi yana da tsarkin zuciya ba, akwai masu fakewa da agaji, mu ma mun san su. Amma ku auna wannan da abin da ke rubuce. Malam ya faɗi gaskiya, ku nemi manhajar tun kafin ku sa hannu. In sun hana ku, ni da kaina zan ce ku gudu.

Baba_Mai_Ritaya:
Yaran zamani kuna yi kamar yau aka fara. Asibitin kutare na Amanawa su wa suka kafa shi? 'Yan mishan na SIM ne, tun zamanin Turawa, kuma da sanin sarakuna. Ƙanen mahaifina can ya yi jinya, ya dawo da carbinsa a hannu har ya rasu. Akwai kuma waɗanda suka shiga can suka canza addini, wannan ma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Galibi yara ne da danginsu suka kai suka watsar, ba mai leƙa su. Wanda ake zuwa dubawa duk Juma'a da fura bai je ko'ina ba.

Anti_Nas:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata, don na ga kowa yana maganar daba da coci, rabin fom ɗin na biyu kuwa an tsallake shi kamar ba a gani ba. Haka muke yi ko a gida.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Kwanakin baya aka kawo mana yarinya 'yar shekara tara, mai tallar awara. Har yanzu ina ganin lallen sallah da bai gama goge mata a tafin hannu ba. Kwana takwas da faruwar abin aka kawo ta, shi ma don zazzaɓi ya ƙi sauka. Me aka yi a kwana takwas ɗin? Zama. Kawu ya zo, mai unguwa ya zo, dangin mutumin sun zo da buhun shinkafa, aka ce maƙwabci ne, a rufa asiri, in magana ta fita wa zai aure ta. Uwar tana gefen gado tana murza bakin hijabi, ta ce mini ita tun daren farko ta so kawo ta, aka ce ta bari maza su gama magana.

Ga abin da nake so kowa a zauren nan ya riƙe. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau bayan irin wannan, sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kada a yi wa yaro wanka, kada a wanke kayan da ke jikinsa kafin likita ya gani, don nan shaidar take. Akwai Cibiyar Nana Khadija a cikin Asibitin Ƙwararru, an buɗe ta a 2020 ƙarƙashin shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, ana duba yara da manya, mata da maza, kyauta. Eh, har da maza, don yara maza ma ana kawo su, kuma su aka fi ɓoyewa. A 2021 Gwamna Tambuwal ya sa hannu kan dokar kare yara da ta hana cin zarafi, wato doka tana nan. Abin da babu shi ne mutum ɗaya a kowane layi da uwa za ta buga wa ƙofa da dare ya ce mata tashi mu tafi. In tallafin nan zai samar da wannan mutumin, ni ban damu da ko daga ina ya fito ba.

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Anti, wallahi ban san maganar awa 72 ba sai yau, kuma 'ya'yana uku.

BaSakkwace:
Anti, abin da kika hwaɗi gaskiya ta, jikina ya mutu. Amma shi na ya sa nike cewa aikinmu na. Kunya ta a ce sai coci ta biya kahin mu kare ɗiyanmu. Ga Hukumar Zakka da Waƙafi nan ta jiha, ga attajirai cike da gari. Ku tai can.

Sakataren_Matasa:
Yaya BaSakkwace, mun je wurin masu hali uku a unguwa bara, lokacin da muke neman kuɗin fitilun sintiri. Ɗaya ya ba mu, Allah Ya saka masa. Ɗaya ya ce mu dawo bayan Umara. Na ukun ya ce zai saya mana riguna in za a buga hotonsa a baya, ashe takarar kansila yake shiri. Hukumar Zakka kam ba mu taɓa rubuta mata ba, wannan laifinmu ne.

Almajirin_Kanwuri:
Ku rubuta, amma ku san me za ku roƙa. Zakka tana da gidaje takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, gasar ƙwallo ba ta ciki. Kuɗin koyon sana'a na maraya ko ɗan talaka zai iya shiga. Sauran sai ta ƙofar waƙafi ko sadaka.

Mai_Rubuta_Furofozal:
Shekarata bakwai ina aikin ƙungiyoyi, bari in sauko da ku ƙasa kaɗan. Kuna ta gardamar ku karɓa ko kada ku karɓa kamar an riga an miƙo muku. Sakatare, kuna da rajistar amintattu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi? Kuna da asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, ko a asusun ma'aji kuke tara kuɗi? Banki zai nemi takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, ita ma tana cin lokaci. In ba ku da waɗannan, mako uku ba zai ishe ku ba, sai dai ku shiga ƙarƙashin wata ƙungiya mai rajista. Sannan ba a ba da kuɗin gaba ɗaya. Kashi-kashi ne, sai kun kawo rasit na kashin farko, har na ruwan leda, kafin a saki na biyu. Kuma tun da gwamnatin Trump ta rushe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025 masu nema sun yi yawa, manyan ƙungiyoyin da da ba sa kallon ƙaramin tallafi yanzu da su za ku yi layi.

Abu na ƙarshe, duba bayan fom ɗin, za ka ga suna neman takardar ƙa'idar kare yara ta ƙungiyarku. Yawanci abin da ke cikinta: babba ba zai keɓe da yaro a ɗaki a rufe ba, ba a ɗaukar hoton yaro sai da izinin iyaye, ba duka, duk mai aikin sa kai sai an binciki halinsa a unguwa, kuma a ware mutum biyu, mace da namiji, da za a kai wa ƙorafi ko da a kan shugaba ne. Kun san me ya sa coci ta fi kowa nacewa kan wannan? Don a cikin gidanta abin ya fashe. Shekaru ana rufa wa limaman da suka ɓata yara asiri a Amurka da Ailan da wasu ƙasashe, ana sauya musu wurin aiki, har sai da Fafaroma Francis ya tara shugabannin bishop-bishop na duniya a Vatican a Fabrairun 2019 kan maganar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Haifaffen_Tudun_Wada:
Ba daɗin ji, amma haka ne. Kuma buhun shinkafar da Anti ta faɗa, mu ma muna da irinsa, sunansa kawai ke canzawa, a ce kada a ɓata sunan Ikilisiya.

Sakataren_Matasa:
Rajistar ƙaramar hukuma kawai muke da ita. Takardar kare yara kuwa na ga wurin, na ɗauka ko cike-gurbi ne.

Tsohon_Eriya:
Ni ba na iya dogon rubutu amma ku bari in faɗi nawa, don ni ne irin yaran da kuke magana. Shekara shida na yi cikin eriya bois. Kano su ce 'yan daba, Gombe Kalare, Bauchi sara-suka, duk tafiyar ɗaya ce. Lokacin zaɓe a zo da mota a kwashe mu, a ba ogan kuɗi ya saya mana ƙwaya, mu bi ayari da gora da adda. Zaɓe ya wuce lambar mai gidan ta daina shiga, makamin kuma yana hannunka, ƙwayar tana jikinka. Da aka hana kodin a 2018 ba mu fasa komai ba, mun koma wani abin.

Sau biyu ana kai mu bita a otal. Sanyin na'ura, lemo, wani mai kwat yana nuna hotuna a bango yana cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Mu sa hannu a takarda, a ba mu ambulan na kuɗin mota. Wallahi daga ƙofar otal ɗin wurin mai ƙwaya muka wuce da kuɗin. Abin da ya cire ni wani bakanike ne. Ya ga ina kwana a cikin wata mataccen mota a garejinsa, bai kore ni ba, da safe ya miƙo mini sufana mai lamba 12 ya ce kwance wancan. Da azahar ya saya mini shinkafa da wake. Haka kullum har wata takwas. Sau biyu ina sace masa kaya, ya je har gida ya dawo da ni. Sakatare, in kun samu kuɗin ku ba irin waɗannan masu garejin su riƙa ciyar da yaran. Kada ku kama otal. Ƙwallon ma ku yi hankali, in ba ku caje 'yan kallo ba a filin za a yi abin da kuke gudu.

Dan_Gidan_Igwai:
Wannan sharhin ya fi duk namu. Allah Ya ƙara shirya mu, Ya saka wa bakaniken nan.

Mai_Shago_Emir_Yahaya:
Ni abin da ya sa nake goyon baya, ban manta Mayun 2022 ba. Bayan kisan ɗalibar nan Kirista da aka zarga da ɓatanci a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ranar da gari ya rikice har aka sa dokar hana fita ta awa 24, ina cikin shago na ja ƙofa ina leƙe ta ƙasa. Waɗanda na gani da duwatsu yara ne, wasu ko gemu ba su fara ba, wani da silifas ƙafa ɗaya. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan tun farko, amma wa ya isa ya tsayar da yaron da ya riga ya fito titi?

Haifaffen_Tudun_Wada:
Ranar muna cikin gida mun kashe waya. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai sayar da goro, ya jawo benci ya ajiye a ƙofarmu ya zauna da rediyonsa har magariba. Bai ce mana komai ba, mu ma ba mu taɓa tayar masa da maganar ba.

Admin_Zaure:
Jama'a, na goge sharhi biyu. Maganar 2022 a tsaya inda ta tsaya, ba shari'a muka zo yi ba. Wanda ya sake zagin addinin wani zan fitar da shi. A koma kan tambayar Sakatare.

Jikar_Jaji:
Zaman iyaye matan nan da kuka ce, don Allah kada samari su tsaya gaban uwayensu suna koya musu tarbiyya, ba za su dawo zama na biyu ba. Garin Nana Asma'u ne nan. Ita jajis ta naɗa, mata dattijai, su ke shiga gidaje da ƙauyuka suna karantar da 'Yan Taru. Ku nemi malamar Islamiyyar matan aure da ungozomar unguwa, ku haɗa su da irin su Anti_Nas. Abin da mace za ta faɗa a tsakar gida tana tsintar shinkafa ba za ta faɗe shi a gaban lasifika ba.

Shugaba_Mabera:
Assalamu alaikum. Ni ne shugaban da Sakatare ya ce ba zai taɓa ko sisi ba, an turo mini zancen na karanta tun daga sama. Ƙanena Sakatare bai faɗi dalilina duka ba. Ban ce haram ne ba, ban kai nan ba. A shafi na shida an ce duk allo da riga da takardar da za a buga sai an sa tambarin mai ba da tallafi, tambarin kuwa akwai gicciye a jiki. Mahaifina shekara talatin yana ladanci a masallacin layinmu. Ku ɗauka yara sun fito fili da riguna masu wannan tambarin, wani ya ɗauki hoto ya sa a Facebook ba tare da bayani ba. Kafin la'asar an ce ɗan ladan ya sayar da yaran unguwa. Ƙungiyar da muka yi shekara huɗu muna ginawa za ta mutu rana ɗaya, kuma iyayen da muke so su saki jiki da mu kan maganar da Anti ta yi su ne farkon janye 'ya'yansu. Sarkin Musulmi yana zama teburi ɗaya da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a majalisar shugabannin addinai ta NIREC, ba wanda ya isa ya ce masa komai. Ni ba Sarkin Musulmi ba ne, tela ne.

Mai_Rubuta_Furofozal:
Shugaba, wannan ana tattaunawa a kansa. Masu ba da tallafi da yawa suna ɗage sharaɗin tambari in an rubuta musu cewa zai jawo matsala ga aikin ko ga ma'aikata. Ku rubuta kafin ku miƙa fom, ku nemi amsa a rubuce. Amma ni ina da sharaɗi nawa: cire tambari daban, ɓoye wa iyaye inda kuɗin ya fito daban. In kun ɓoye, ranar da aka gano ta fi hoton Facebook muni.

BaSakkwace:
To kun gani. In an hwaɗa ma iyaye, rabi za su janye. In an ɓoye, an ci amana. Ni dai ina nan kan bakana. Amma in kunka yanke shawarar yi da kanku, ni zan ɗauki abincin yaro guda a gareji har wata shidda, Admin shi zama shaida.

Dan_Gidan_Igwai:
Na ɗauki na biyu. Saura goma sha uku.

Ummu_Hanan:
Yaya BaSakkwace, rabin da za su janye ɗin ƙiyasinka ne, ba a tambaye su ba tukuna. Ni uwa ce, in limami ya karanta ya ce ba matsala zan tura nawa.

Haifaffen_Tudun_Wada:
Shugaba, in kuna so zan raka ku ofishin ku yi tambayar tambarin baki da baki. Ku zo da limaminku in zai yarda, shayi dai za a ba shi.

Sakataren_Matasa:
Na gode ƙwarai jama'a. Mun yi waya da Shugaba yanzu, mun sa mitin ranar Juma'a bayan la'asar, za mu kai wa liman fom ɗin gobe. Wasiƙar Hukumar Zakka ma zan rubuta ko ta wane gefe aka faɗa. Har yanzu ma'aji yana cewa a cike, Shugaba yana cewa sai ya ga amsar tambari a takarda.

Malama_Islamiyya_Gagi:
Ni ban da ta cewa kan tallafin. Mai_Rubuta_Furofozal, don Allah in kana da samfurin takardar kare yaran nan da Hausa ka turo mini ta akwatin sirri. Ɗalibanmu sun haura ɗari biyu, ajin haddar dare malami ɗaya ne da yara, kuma ƙofar ajin ba ta da taga.

Mai_Rubuta_Furofozal:
Da Turanci take, Malama. Ki ba ni zuwa jibi in mayar da ita.

Tsohon_Eriya:
Sakatare in za ku caje 'yan kallo ku duba cikin safa da ƙugu ta baya, ba aljihu ba.